Haƙori na Uku

…shi kuma sukuru na huɗu ya ƙi fita. Tsatsa ta cinye kansa. Guminka ne, Yaya, na san guminka ne, don daidai nan kake ɗora gefen hannunka in kana kaɗawa. Shekara goma sha huɗu jitar nan tana kwance cikin akwatinta a kan wadirof ɗin matarka, amma gishirin jikinka bai daina aiki ba. Kai ka tafi, shi yana nan yana cin ƙarfe.

Ɗigon mai ɗaya. A ba shi lokaci.

Safiya ce fa. Tara ta ɗan gota, rana ta shigo shagon ta kwanta a kan tebur, tela na jikin bangona ya kunna rediyo yana taka kekensa. Babu abin tsoro a nan. To don me na janyo ƙofa rabi? Jita nawa na farke a kan teburin nan? Na makarantu, na 'yan kiɗan otal, na yaran da suka saya da zumuɗi suka gaji bayan wata biyu... Katako ne da waya. Kullum haka nake gaya wa masu kawo gyara, katako ne da waya, ba ta da rai.

Wannan ja ce. Dā ja ce, yanzu inda damtsenka ke gogawa ya koɗe har katako ya leƙo. Ga ƙunar taba a can saman wuya, inda kake soke karan sigari tsakanin tsirkiya in za ka shiga waƙa. Matarka ta yi faɗa, ta yi faɗa har ta gaji.

Ran Litinin 'yarka ta shigo da ita. Balbela. Har yau haka nake kiranta, sunan da ka laƙa mata saboda dogayen ƙafafun nan nata. Ashirin da ɗaya yanzu, Yaya, ta fi ni tsawo, tana shekarar ƙarshe a karatun haɗa magunguna, ran Asabar kuma tana kiɗa da wasu ƙawayenta uku. Ta sunkuyo ta ƙofa kamar yadda kake sunkuyowa, kafaɗar hagu tukuna. Ta ɗora akwatin nan a kan tebur. Tun kafin ta buɗe na gane shi, da igiyar da ka ɗaure a madadin mariƙin da ya tsinke.

"Baffa, Mama ta ba ni a ƙarshe. Kunnuwanta sun mutu, ɗaya ba ya ji sam, ɗayan sai an mare shi. Sababbin fikof nake so. Kuma ka sa mata hannun nan mai sa sauti rawa."

Tela ya leƙo da allura a baki, wai fikof kuma? Motar ɗaukar kaya za a cusa cikin jita? Ta yi dariya har tana dafa bango, ta tsaya tana yi masa bayani, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, yana zaune ƙarƙashin tsirkiya yana sauraron motsinta ya miƙa wa amfilifaya, akwatin nan mai ƙara sauti. Kunnuwa. Kai ka fara ce musu kunnuwa. A ina ta ji? Shekararta bakwai lokacin...

Ni ma na yi dariya. Na ji ta a bakina kamar ta wani.

Yauwa. Ya motsa. Na huɗu ya fito.

Farantin da ya rufe fuskar jitar ya ɗago, ga cikinta a buɗe. Ƙura, gawar wani ƙwaro, wayoyi ja da baƙi sun bushe. Da dalma. Tawa ce. Duk mai gyara yana gane hannunsa, ga ta nan dunƙule-dunƙule kamar kashin awaki, aikin yaro mai gaggawa. Shekarata ashirin da huɗu, kwas ɗin wata shida na yi a gyaran rediyo, amma ka sa duk 'yan ƙungiyarku suna ce mini Injiniya. Injiniya, zo ka duba wannan. Injiniya, wayar can tana tsartuwa. Kaina ya kumbura har hula ba ta shiga.

Ƙarfen dalma ya yi zafi. In taɓa nan, in ja wayar... ta saki. Ta biyu. Tsohon kunne ya fito a tafin hannuna, da nauyi kamar ƙaramin sabulu. Abin da ya ji na ƙarshe kenan — a'a. Aiki. A ajiye shi a gefe, a kawo sabon.

Sababbin masu murfin azurfa ne, Balbela ce ta zaɓa, ta turo mini hotonsu sau uku kada in yi kuskure. Na wuya a sama, na gindi a ƙasa, kada a juya su. Wayoyi huɗu kowanne, da tsirara ta biyar. Kore da tsirara su haɗu su tafi ƙasa, fari da ja a murɗe su tare a rufe, baƙi shi ne mai ɗaukar sauti. Ƙasa. A aikinmu komai sai ya sami hanyar ƙasa. Wutar da ta ɓace hanya ƙasa take nema, in ba ka buɗe mata ƙofa ba za ta buɗe da kanta, ta jikin duk wanda ta samu.

Na san wannan a ranar da ka tafi. Kada in yi wa kaina ƙarya, a wata na biyu aka koya mana.

Ruwa ya sauko da tsakar rana, ya ɗauke wajen ƙarfe uku. Filin ƙwallon ma'aikatan kamfani, ranar rufe gasa, dandamalin katako da aka ɗora a kan gangunan mai. Katakon ya sha ruwa ya yi baƙi. Muna gwada kaya, amfilifayarka tana ta ƙugi, zzzz, kamar an rufe ƙudan zuma a gwangwani. Ka juyo da fuskar nan taka. Ba ka iya fushi ba, sai dai ka ɗaga gira ɗaya.

"Injiniya, da wannan kukan zan yi wa mutane dubu kiɗa?"

Na canza waya, yana nan. Na matsar da ita nesa da janareta, yana nan. Mutane sun fara cika, mai ganga yana kallona yana murmushi, irin murmushin nan na to, yau za mu ga injiniyanci. Sai na tuna dabarar da na taɓa gani a wajen wani. Filogi mai haƙora uku ne, biyu na wuta, na ukun dogo, na ƙasa. Ka karya na ukun, ƙugi ya mutu.

Filaya. Murɗa ɗaya, biyu. Ƙas.

Shiru. Tsit, kamar an ɗauke numfashin filin. Ka shafa kaina a gaban kowa, ni da gemuna. "Ƙanena ba ya ba ni kunya."

Dalma ta ɗiga mini a yatsa. Madalla. Bari ta ƙone.

Tela yana buga bango, wai in zo mu sha shayi. Na ce ina zuwa. Ba zan je ba.

Saura hannun rawar. Ga shi cikin kwalinsa, ƙarfe mai sheƙi, faɗinsa kamar tafin hannu, da sandar da tsirkiyoyi shida za su naɗe a kai, da sifirin guda mai kauri, da dogon hannu mai lanƙwasa. Ka danna hannun, tsirkiyoyi su saki, sauti ya sauka. Ka saki, sifirin ya mayar da shi. Ka yi ta yi da sauri, sai sautin ya kama karkarwa kamar muryar mai shirin kuka. Kai ba ka taɓa son sa ba. Kayan ragwaye, in ji ka, wanda yake da yatsu me zai yi da sanda? Yanzu ga ni zan huda jitarka in ɗaura mata shi. Ka yi haƙuri. 'Yarka ce ta ce, ni kuwa ban taɓa iya ce mata a'a ba. Ka san dalili. Ko ba ka sani ba? Waɗanda suka tafi suna sani?

A cire tsohon gindin ƙarfen da ke riƙe tsirkiyoyi. A manna salatif a kan fenti kada ya tsage. Zare biyu, ɗaya daga ramin tsirkiya ta farko, ɗaya daga ta shida, a ja su har ƙasa a ga tsakiya. In ya karkace da kaurin gashi, har abada ba za ta zauna a saiti ba. Fensir. Ɗigo huɗu.

Na ɗauki injin huda, na ajiye, na sake ɗauka. Dubi abin kunya, mai shekara talatin da takwas.

Waƙa ta uku ce. Ka cire takalma don santsi — na ga lokacin da ka ture su gefe, ban ce komai ba. Hannun hagu a kan tsirkiya, ka matso ka kai baki jikin makirufo. Sai ka miƙe a kan yatsun ƙafa. Kanka ya yi baya. Kafaɗunka suka kama girgiza, ƙafafunka suna buga katako, mutane kuma... tafi, Yaya. Tafi suka yi. Ihu, fito, wata mata a gaba tana juya gyale a sama. Sun ɗauka sabon salo ne. Ni ma — daƙiƙa nawa? Biyar? Goma? Ina tsaye a bayan lasifika ina murmushi, ina cewa yau Yaya ya zo da abu.

Mai ganga ne ya fara ganewa, ya yi tsalle ya doki wayar da ƙafa.

Huda ta farko. Garin katako ya fito fari tas, da ƙamshi, kamar jiya aka sare bishiyar. Ashe cikinta bai tsufa ba.

Ba karya haƙorin ne ke hana ni sakat ba. Wannan wauta ce, yaro ya yi wauta, ana iya faɗa a yi kuka a wuce. Abin da ya biyo baya ne. Kana kwance, an yi kanka, ana danna ƙirjinka, ana kiran mota, matarka ta cusa fuskar Balbela a cikinta. Ni ina? Ina durƙushe a bayan amfilifaya da filaya. Na datse filogin daga wayarsa na sa a aljihu. Kafin in zo kanka. Kafin in taɓa ka. Ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya goya ni ya tsallake kwata da ni zuwa makaranta, yana ƙasa idonsa a buɗe, ni kuwa kaina yana aiki sarai, lafiya lau, yana cewa ɗauke filogin.

Wane ne wannan mutumin? Shi ne ke riƙe da injin hudar nan yanzu?

Ta biyu. Ta uku.

Aka ce janareta ne. Wa ya fara faɗa? Ba ni ba. Ni dai ban ce a'a ba. Mai janaretan, wani ɗan tsamurmurin mutum mai ɗingishi, da rana ya raba burodinsa biyu ya ba ni rabi muna fake wa ruwa. Samari suka rufe shi da duka, suka kifar da injinsa cikin taɓo. Mako biyu yana tsare. Da ya fito ba wanda ya sake ɗaukar hayar kayansa, sai ya kwashe iyalinsa ya bar garin.

Na gan shi sau ɗaya, shekara shida da ta wuce, a tashar mota, yana tallan cajar waya a faranti. Na juya zan ɓace, ya riga ya gan ni. Ya jawo ƙafar nan ya zo, ya kama hannuna da hannu biyu. Idonsa ɗaya ya shanye.

"Injiniya. Allah ya jiƙan yayanka. Wallahi kullum sai na tuna. Ka yafe mini."

Na ce na yafe.

Na ce na yafe, Yaya! Har na sayi caja.

Ta huɗu. Shi kenan, an huda, ba a mayarwa.

Filogin yana nan. Gwangwanin madara na saman kanta, bayan tsofaffin batura. Na canza shago sau biyu, na zubar da abubuwan da suka fi shi amfani, shi kuwa yana biye da ni. Don me? In na ce don in nuna wata rana ne, ƙarya. In na ce don kada wani ya tsinta, wa zai gane guntun filogi? Ban sani ba. Ina dai jin sa a can sama, kamar yadda ake jin mutum ya tsaya a bayanka.

Matarka kuwa... Famfo ya lalace, a kira Baffa. Taron iyaye a makaranta, Baffa. Balbela ta yi zazzaɓi, Baffa ne da babur. Kowa yana yabo, ƙanin miji irin wannan sai an tona. Ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa tana goge hannu da zane, ta ce Allah ya bar mana kai. Duk lokacin da ta faɗa sai in ji kamar na haɗiye sukuru. Ban yi aure ba, suna cewa saboda su ne, na sadaukar. To wace mace zan kwanta kusa da ita in yi barci? In na yi magana cikin barci fa?

Azahar ta wuce ban lura ba. Ƙarfe huɗu Balbela ta ce za ta zo.

Saura waya ɗaya. Ƙarama, baƙa, ba ta kai tsawon ɗan yatsa biyu ba. Daga cikin jitar za ta bi ta rami ta fito ƙarƙashin sabon gindin ƙarfen, ta haɗa tsirkiyoyi da ƙasa. Kowace jita tana da ita. In babu ita, ƙugi. In akwai ta, duk abin da ke jikin amfilifaya yana jikin tsirkiya, duk abin da ke jikin tsirkiya yana hannun mai kaɗawa. Ta nan ta bi ta same ka. Yanzu ni ne zan sake shimfiɗa hanyar, da hannuna, zuwa yatsun 'yarka.

In bar ta? Ta kunna ta ji zzzz, ta ɗaga gira ɗaya — tana yi, wallahi tana yi — ta kai wa wani mai gyaran. Wani yaro mai kwas ɗin wata shida.

A'a. Ni zan yi. Wayar ba ta da laifi, ba ta taɓa yin laifi ba. Dalma kaɗan, mai sheƙi, santsi kamar ɗigon ruwa. Haka ake yi. Shekara goma sha huɗu na yi ina koyon ɗiga dalma kamar haka, ko za ta... ko me? Wa ke duba cikin jita?

Yau zan gaya mata. Na yanke. Zan sauko da gwangwanin in ajiye a kan tebur in ce, Balbela, zauna. Kafin ki ɗauki jitar nan akwai abin da ya kamata ki sani. Ba janareta ba ne. Kalma huɗu, ba janareta ba ne. Sauran za su biyo da kansu. Ta tsane ni, ta gaya wa uwarta, su rufe mini ƙofa. Ko ta tambaye ni inda mai ɗingishin yake, mu je mu neme shi tare. Ko ta dube ni kawai da idanunka... wannan ne ba zan iya ba.

Tsirkiyoyi. Kowacce a lanƙwasa bakinta, a maƙala a ƙusar sandar, a zagayo, a ja. Ta uku ta kuɓuce, ta sake kuɓucewa. A sa sifirin. A ɗaure, a saita, sifirin ya ja, saiti ya gudu, a sake. Sau biyar kafin ta zauna. Mita ta ce komai daidai, kunnuwa biyu suna ji, ƙasa ta haɗu. Ban kaɗa ba. Da mita na gwada, da ƙwanƙwasa sukudireba a kan maganaɗisu, tak, tak. Ba zan kaɗa ta ba. Hannun ma ban danna ba.

Filogin amfilifayar shago, haƙora uku. Na duba. Na sake dubawa. Tabarmar roba a ƙasa.

Gwangwanin ya sauko. Ya fi yadda nake tunawa sauƙi.

Ga muryarta a waje tana tsokanar tela, wai ya zo ya ga motar da aka saka. Kafaɗar hagu tukuna. Ko gaisuwar kirki ba ta gama ba idonta ya sauka a kan tebur, ta rufe baki da hannu. Balbela, zauna — ban faɗa ba tukuna, bari ta gani, minti ɗaya, bari ta ji daɗinta minti ɗaya. Hau kan robar nan, na ce. Kada ki cire takalmi. Ta dube ni kamar na zauce, ta hau.

Ta rataya. Ta kunna. Shiru, babu ƙugi ko kaɗan. Yatsunta suna gudu sama da ƙasa, ta fi ka tsabta, Yaya, kada ka ji haushi, amma kai ka fi ta nauyi. Tana murmushi. Ta tsaya can sama kusa da jiki, ta danne tsirkiya biyu, ta ƙara murya, ta buga da ƙarfi, ta kama hannun ƙarfen da ƙaramin yatsa ta fara girgiza shi. A hankali. Da sauri. Da sauri sosai...

Gashin jikina ya tashi. Na san wannan. Daga ina na san wannan?

"Shi ne! Baffa, shi ne!" Idonta ya cika da ruwa, tana dariya. "Ranar nan, a waƙar ƙarshe, Baba ya yi wani sauti mai rawa haka, dogo, kafin Mama ta rufe mini ido. Ban taɓa jin abu mai daɗinsa ba. Shi ya sa na koyi jita. Na nema da yatsu na rasa, na saurari duk kaset ɗinsa babu. Ashe ga shi. Yaya aka yi ya fitar da shi ba tare da hannun nan ba?"

Na tuna tafin, na tuna takalman, na tuna matar mai gyale. Sautin ne kaɗai ban taɓa tunawa ba, sai yanzu. Hannunka ne da wuta ta damƙe a kan tsirkiya. Ba kiɗa kake yi ba. Daƙiƙun nan da nake tsaye ina murmushi, su ta ɗauka ta rene su shekara goma sha huɗu, su ne abin da ya rage mata naka mafi kyau, kuma ni na yi mata su. Da filaya.

Ta sake bugawa. Yana rawa, yana cika shagon, tela ya tsayar da kekensa yana saurare.

Tafin hannuna yana kan murfin gwangwanin. In na buɗe, na ƙwace mata wannan ma. In ban buɗe ba, ran Asabar za ta hau dandamali ta kaɗa wa mutane shi, su yi tafi...

"Baffa? Ka ji kuwa? Haka yake, ko?"

Murfin yana nan a rufe ƙarƙashin tafin hannuna. Bari in zauna tukuna, Yaya. Ina kujerar take...